Yadda Ake Rubuta Labarin Komawa Zamanin da Ya Wuce

Duk wanda ya taɓa binne wani nasa, ko ya sayar da gonar gado aka wayi gari titi ya bi ta gefenta, ya san nauyin kalmar "da na sani". Hausawa sun ce ƙeya ce, a baya take. Labarin tafiya cikin zamani labari ne na mutumin da aka ba damar juyawa ya ga ƙeyarsa. Shi ya sa cikin ƙagaggun labaran kimiyya babu wanda ya kai shi saurin kama mai karatu, babu kuma wanda ya kai shi saurin kayar da marubuci. Na karanta gwajin matasa da dama da ake turo min a waya. Babi biyar na farko kamar ka lashe hannu, daga na shida sai labarin ya fara cin kansa: wanda aka kashe jiya ga shi yana shan shayi, wanda bai kamata ya san komai ba ya san komai, marubucin kuma ya rasa ta inda zai fita, sai ya ce ashe mafarki ne. Matakan da ke tafe don kauce wa wannan ƙarshen ne.

Fara da ciwon, ka bar na'ura tukuna

Kafin ka yi tunanin yadda mutuminka zai koma baya, ka san abin da ya baro a can da yake hana shi barci. Rana ɗaya ka zaɓa, abu ɗaya ya faru a cikinta. Masu fara rubutu sun fi son babban al'amari, a koma 1903 a hana Turawa cin Kano, ko a koma Janairun 1966 a ceci Sardauna. Ana iya rubuta irin wannan, amma kaya ne mai nauyi, kuma mai karatu ya riga ya san tarihin, zai zauna yana kama ka da kuskure. Ƙaramin ciwo na cikin gida ya fi kamawa.

Bari in ƙirƙiro misali mu riƙa tafiya da shi. Lawal mai gyaran waya ne a Kano. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a hanyar Funtuwa, cikin watan Mayun 1987. Da safiyar ranar, kafin ya fita, uban ya zauna a zaure ya ɗauki muryarsa a kaset don a kai wa ƙaninsa da ke zaune a Makka, kamar yadda ake aika saƙo a wancan lokacin. Bayan shekaru masu yawa baffan ya rasu, aka dawo da kayansa, kaset ɗin na ciki. Da wannan kaɗai ka sami mutum, ka sami rana, ka sami abin da yake so. Ko ba a koma baya ba, labari ya riga ya tsaya da ƙafafunsa.

Zaɓi doka ɗaya, ka rubuta ta a takarda

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe. Tambayar ita ce: idan mutum ya koma baya ya taɓa wani abu, me zai faru? Dole ka amsa wa kanka kafin ka rubuta babi na ɗaya, saboda wata tsohuwar sarƙaƙiya da ake kira matsalar kaka. Mutum ya koma baya ya kashe kakansa tun kakan bai yi aure ba. Ke nan ba a haifi ubansa ba, shi ma ba a haife shi ba. To wa ya koma ya yi kisan? In babu wanda ya yi, kakan ya rayu, an haifi jikan, ya koma ya kashe shi. Haka za a yi ta zagaye. Marubucin Faransa René Barjavel ya gina wani littafinsa a kan wannan tun cikin shekarun 1940, kuma har yau duk mai rubuta irin wannan labari sai ya ci karo da ita. Hanyoyin fita guda uku ne aka fi sani.

Ta farko: abin da ya faru ya faru, ba ya canzuwa. Matafiyin yana iya zuwa, ya yi magana, ya riƙe hannun mutum, amma duk abin da ya yi dama yana cikin tarihin tun asali. Wani masanin kimiyyar Rasha, Igor Novikov, ya kawo wannan a matsayin ƙa'ida cikin shekarun 1980, cewa in har komawa baya mai yiwuwa ce, to abin da ba zai haifar da karo ba ne kaɗai zai iya aukuwa. Ga yadda take aiki a labarin Lawal. Tun yana yaro mahaifiyarsa ke cewa, "Ai da wani baƙo bai tsayar da Malam da surutu a zaure ba, da motar farko zai shiga." Lawal ya taso yana jin haushin wannan baƙo da bai sani ba. Ya koma, ya yi sallama, ya yi ta roƙon uban kada ya yi tafiyar, uban yana duba agogo yana ba shi haƙuri. Daga ƙarshe ya fita a makare, motar farko ta tashi, ya shiga ta biyu. In ka iya, tun a babi na biyu ka sa Lawal ya ji wata sallama can ƙasa-ƙasa a kaset ɗin, muryar da ya kasa tuna inda ya san ta. Mutum ba ya saurin gane muryarsa a naɗe. Ni dai wannan dokar na fi so, don ita ce ke barin mai karatu ya ajiye waya ya yi shiru. Wahalarta kuwa, sai ka san ƙarshen labarinka tun daga jimlar farko, saboda duk alamun da za su tashi a babi na ashirin sai ka binne su a na ɗaya da na biyu. Wanda yake rubuta babi yau ya saki yau, gobe ya yi tunanin na gaba, ba zai iya da ita ba.

Ta biyu: baya tana canzuwa, yau ma sai ta canza tare da ita. Misalin da kowa ke bugawa shi ne gajeren labarin Ray Bradbury na 1952, inda mafarauta suka koma zamanin manyan dabbobin nan da suka ƙare, ɗayansu ya sauka daga hanyar da aka shata ya taka malam-buɗe-littafi guda ɗaya. Da suka dawo, rubutun kalmomi ya sauya, wanda ya ci zaɓe ma ya sauya. A wannan dokar Lawal yana iya yin nasara. Uban ya fasa tafiya, ya rayu. Amma bayan shekara biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa da zama, Lawal bai tashi a unguwar da ya haɗu da matarsa ba, sai ya dawo yau ya tarar da tsohon uba a raye kan tabarma, 'yarsa Ummi kuma babu ita, babu ma wanda ya taɓa jin sunanta. Ka ga ciniki: uba ko 'ya. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne wannan dokar ba ta warware matsalar kaka da kanta. In uban bai mutu ba, me zai sa Lawal ya koma? Yawancin marubuta sukan ce matafiyin ya fita daga igiyar, shi kaɗai ke ɗauke da tsohuwar duniya a kansa. Ka faɗi hakan sau ɗaya a bakin wani cikin labarin, sannan kada ka saɓa.

Ta uku: lokaci yana yin reshe. Duk taɓawar da aka yi sai ta tsiro da sabuwar duniya, tsohuwar kuma tana nan yadda take. Marubuta sun aro wannan daga ra'ayin duniyoyi masu yawa da masanin kimiyya Hugh Everett ya gabatar a 1957. Ita ce mafi sauƙi, babu karo ko kaɗan, amma tana da aibi babba: Lawal ya ceci uban wani Lawal ne, tasa uwar tana nan da takabarta. In ba ka yi hankali ba mai karatu zai ce to mene ne amfanin wahalar?

Ko wacce ka ɗauka, rubuta ta cikin jimla biyu ka manna a inda kake aiki. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da ta farko don tana da kwarjini, da aka shiga matsi sai a silale zuwa ta biyu don a ceci jarumar da masu karatu suka ƙwallafa rai a kanta.

Hanyar tafiya da kuɗin mota

Kafin 1895 marubuta sun fi kai mutum wani zamani ta barci ko duka a ka. A shekarar ne H. G. Wells ya fitar da littafin da ya shahara da na'urar da ake hawa a tuƙa ta cikin lokaci yadda ake tuƙa keke a hanya, daga nan na'ura ta zama gado. Ba dole ne ka gaje ta ba. Wani ɗakin gwaje-gwaje mai fitilu a bayan Kurna ba zai shiga kan kowa ba. Kaset zai shiga. Tsohuwar rijiya a gidan da aka daina zama za ta shiga, haka wata ƙofa a jikin badala.

Ba sai ka bayyana yadda abin ke aiki ba, amma ka san inda kimiyyar gaske ta tsaya don kada ka yi ƙarya da sunanta. Tafiya gaba tabbatacciya ce. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa agogon da ake tafiya da shi da matuƙar sauri yana jinkiri idan aka gwada shi da na zaune, sannan a 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin da ke jan abubuwa ƙasa shi ma yana rage gudun lokaci. A 1971 an ɗora agogunan atam, masu tsananin daidaito, a jiragen fasinja aka zaga duniya da su, suka dawo sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya ce. Taurarin GPS da wayarka ke amfani da su, agogonsu na wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum, sai ana gyarawa. Komawa baya kuwa babu wanda ya taɓa nuna ta a aikace. Masanin kimiyya Stephen Hawking ya taɓa shirya walima ga matafiya cikin zamani a 2009, bai fitar da katin gayyata ba sai bayan an tashi, kuma babu wanda ya zo. Saboda haka in mutuminka baya zai je, bayani kaɗan ya fi.

Abin da ba za ka tsallake ba shi ne iyaka. Tafiyar da ba ta da kuɗin mota tana kashe labari, don in abu ya ɓaci sai a koma a sake, har sau ɗari. Dubi yadda kaset ke ba ka iyaka kyauta. Kaset mai minti sittin, kowane gefe minti talatin ne, ke nan Lawal rabin awa kawai yake da ita. Zauren da aka yi naɗin kaɗai zai iya sauka. Zaren ya tsufa, duk kunnawa sai ya ƙara cinyewa, rediyon ma takan tauna shi, sai ya sa biro a ramin ya naɗe shi a hankali hannunsa na rawa. Duk inda zaren ya lalace, muryar ubansa ta wannan wurin ta tafi har abada. Yanzu kowace tafiya tana cin abin da ya fi ƙauna.

Je ka ka ga garin kafin ka aika mutuminka

Mun taso da ƙissar Ashabul Kahfi, samarin da suka yi shekara 309 a kogo. Da suka farka suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci, masu tafsiri kuma sun kawo cewa kuɗin nan ne ya tona shi, don na wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa. Wannan darasi ne ga marubuci: ƙananan abubuwa ke fallasa baƙon zamani, kuma su ne daɗin labarin.

Lawal ya sa hannu a aljihu a 1987, me zai fito da shi? A lokacin takardar kuɗi mafi girma ita ce naira ashirin, 'yar Murtala. Naira hamsin sai 1991, ɗari sai 1999, ɗari biyar sai 2001, dubu sai 2005. Ko ashirin ɗin ya ciro, in ta leda ce, ta 2007 ce, mai shayi zai juya ta ya dube shi. Wayarsa ba ta da amfani sai fitila, layukan GSM ba su zo ba sai 2001. In ya ce "Funtuwa ta jihar Katsina" za a gyara masa, don a watan Mayun nan Funtuwa tana cikin jihar Kaduna, sai a Satumba aka yi jihar Katsina. Babangida ke mulki, daga Legas. In ka ƙara matsawa baya, kafin Janairun 1973 fam da sule ake kashewa, kafin Afrilun 1972 a hannun hagu ake tuƙi. Wanda ya koma Kano kafin 1911 ba zai ji kukan jirgin ƙasa ba, a Kurmi kuma da wuri zai ga ana ciniki.

Akwai wani tarko da kusan kowa ke faɗawa: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka azumi da salla suna zagaya damina da rani. Mafi yawan watan Mayun 1987 azumi ake yi. In ka sa uban Lawal yana karya kumallo da koko da ƙosai a zaure da hantsi, dattijon da ya karanta zai rufe littafin. In kuwa ka sani, ka sami riba: zafin bazara, bakin uban a bushe, yana cewa zai dawo kafin shan ruwa.

Hanya mafi kyau ta samun irin wannan ita ce zama da tsofaffi. Kada ka tambaye su tarihi, za su ba ka na rediyo. Tambayi Hajiya nawa ake sayar da mudun gero shekarar da ta yi aure, wane atamfa ake yayi, da me ake zagin yaro. Ka saurari kalmominta. Mutumin 1987 ba zai ce zai tura maka ta asusu ba.

Zana igiyoyin lokaci

Ɗauki takarda babba ka ja layi biyu. Na sama lokacin duniya ne, daga 1987 zuwa yau. Na ƙasa lokacin Lawal ne, yadda shi ya rayu: yarinta, girma, tafiya ta ɗaya, dawowa, tafiya ta biyu. Ka haɗa su da kibiyoyi. A kan kowace tafiya rubuta abu uku: me ya sani lokacin da ya tafi, me ya taɓa, me ya baro ko ya ɗauko.

Da ka yi haka tambayoyi za su fito da kansu. In ya koma zauren sau uku a rabin awa guda, Lawal nawa ke zauren? A doka ta farko dole uku ne, sai ka nema musu wurin ɓuya, ɗaya a bayan ƙyaure, ɗaya a waje yana jin muryar kansa. Yaron nan ɗan shekara bakwai da ke wasa a tsakar gida, ya ga baƙon? In ya gan shi, Lawal babba ya kamata ya riƙa tuna wata fuska tun farkon littafi. Ka kula kuma da kayan da ba su da asali. In Lawal ya ba uban agogon da ya gada daga uban, wa ya sayi agogon? Wasu marubutan da gangan suke yin wannan don ya ɗaure kai. In da gangan ne babu laifi, in da kuskure ne za a kama ka.

Maganar ƙaddara

Masu karatunka mafi yawa sun yi imani da ƙaddara, kuma sun san hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa in abu ya sami mutum kada ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce Allah ne ya ƙaddara, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Labarinka gaba ɗaya a kan wannan "da" ɗin yake zaune. Kada ka yi kamar ba ka sani ba, kada kuma ka dakatar da labari ka hau mumbari. Sa tambayar a bakin mutanen ciki. Lawal ya gaya wa uwarsa abin da yake yi, ta dube shi ta ce, "Lawal, kwanan Malam ne ya ƙare. Kai ne za ka ƙara masa?" Shi kuma ya rasa amsa, amma da dare ya sake kunna kaset. Dokar farko tana tafiya da wannan fahimta salin-alin. In ta biyu ka zaɓa, ka shirya wa saƙonni, kuma zai taimaka in canjin ya zo da asarar da ta kai abin da aka samu. Ƙissoshin Alƙur'ani da Annabawa da Sahabbai kuwa, ka bar su inda suke, kada ka aika matafiyinka can.

Rubuta haɗuwar, sannan ka nemi mai gardama

Fagen da Lawal ya fara ganin ubansa shi ne abin da mai karatu ya biyo ka dominsa, kada ka yi gaggawa. Ka tuna Lawal yanzu ya girmi uban. Mutumin da yake tunawa ƙato mai murya, ga shi saurayi siriri mai ɗan gemu, ya tashi tsaye yana cewa, "Sannu da zuwa Alhaji, daga ina?" yana kakkaɓe masa buzu. Lawal ya buɗe baki zai ce Baba, ya haɗiye. Zaren kaset yana tafiya. Bayanin yadda lokaci ke aiki ba shi da wuri a nan, ko jimla ɗaya.

In ka gama daftarin farko, ajiye shi mako biyu. Sannan ka ba wanda ka san ba ya raga maka, irin abokin nan da ke tsayar da fim yana cewa ai wannan ba zai yiwu ba. Kada ka gaya masa dokarka. In ya gama, ce masa ya faɗa maka dokar da kansa. In abin da ya faɗa ya yi daidai da takardar da ka manna, ci gaba da gyaran harshe. In ya faɗi wata daban, ko ya ce ya ga biyu, ɗauko takardar igiyoyin nan ku bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya tare, har ku kai babin da ka silale, daga nan za ka sake rubutawa.